Shin Ko Kun San? Nevaeh, Sunan Da Ake Karantawa Daga Dama

Shin ko kun san cewa a shekarar 1999, duk faɗin Amurka, jarirai mata 8 kacal aka raɗa wa suna Nevaeh? A 2000 ba su kai 100 ba. A 2001 suka haura 1,000. Kafin a ankara, a 2005 sai ga su 4,457 a shekara guda, sunan ya hau matsayi na 70 a jerin sunayen 'yan mata, ya wuce Sara, ya wuce Amanda, ya wuce Vanessa. A 2010 ya kai na 25. Ga suna ba shi da kaka ba shi da kakanni, babu shi a littafin addini, babu shi a tarihin sarakuna, amma cikin shekara goma ya shiga gidaje dubbai.

To mene ne ma'anarsa? Duk wanda ya yi makarantar allo ya riga Bature gano amsar, don ya saba fara karatu daga dama. Ku ɗauki sunan ku bi haruffansa daga ƙarshe zuwa farko: h, e, a, v, e, n. Kalmar heaven ke nan, wato Aljanna a Turance. Iyakar asirin ke nan. Ba Girkanci ba ne, ba Ibrananci ba ne, ba Larabci ba ne, ba kuma sunan wata gimbiya ta zamanin da ba. Kalma ce aka kifar da ita, kamar yadda yara ke juya magana a zaurance don kada manya su gane.

Shin ko kun san daga bakin wa sunan ya bazu? Sonny Sandoval ne, jagoran ƙungiyar mawaƙan nan P.O.D. ta birnin San Diyego, masu kiɗan roka mai ƙarar gaske da waƙoƙin da suka jiɓinci addinin Kirista. A shekarar 2000 tashar MTV ta kai masa ziyara a shirinta na Cribs, inda ake zagayawa da 'yan kallo cikin gidajen fitattun mutane. Ya nuna jaririyarsa, ya faɗi sunanta, ya kuma bayyana cewa Aljanna ce aka rubuta a juye. Shi ke nan. Ba shi ya fara ba, tunda ga jarirai 8 tun kafin shirin, amma shi ya sa ƙasa ta ji. Masu juna biyu da ke zaune gaban talabijin a ranar suka riƙe abin a ka, suka faɗa wa ƙawaye, ƙawaye suka faɗa wa ƙawaye. Jaridar New York Times ta ruwaito a 2006 cewa sunan ya fi karɓuwa a wurin baƙaƙen fata da kuma Kiristoci masu riƙo da addini sosai.

Yadda ake furta shi ma abin dubawa ne. Rubutun bai ba da hanya ba sam, sai dai a ji daga baki: Na-ve-ya. Bahaushe, da ba shi da harafin v, zai ce Nabeya, kuma babu laifi. Ni a ganina daɗin amon nan ne ya yi rabin aikin. Da a ce juyin ya ba da wani abu mai tsaya wa mutum a maƙogwaro, da ba a kula shi ba komai kyan ma'anarsa. Sai aka yi dace ya faɗo cikin sahun sunayen da ke tashe a lokacin, masu ƙarewa da wasalin a, irin su Ava da Mia da Olivia.

Ga wani abin dariya: iyaye da yawa sun ji sunan da kunne ne kawai, sai suka rubuta shi Neveah, suka sauya wa wasula biyu wuri. Wannan rubutun ma ya yi yawan da har ya shiga jerin sunaye 1,000 da suka fi yawa. Matsalar ita ce idan aka juya shi, haeven yake bayarwa, kalmar da babu ita a Turanci. An tafi neman Aljanna an ɓata hanya da harafi ɗaya.

Ta yaya aka san waɗannan alƙaluma haka daki-daki? Hukumar kula da fansho da tallafin jama'a ta Amurka ce ke ba kowane ɗan ƙasa lamba, kuma daga takardun neman lambar take tattara sunaye. Lissafinta ya koma baya har 1880. Duk sunan da bai kai mutum 5 a shekara ba, ba ta bayyana shi, don kada a gane mai shi. Da jariran 1999 sun gaza da huɗu, da Nevaeh bai ma fito a takardar shekarar ba.

Niyyar iyayen ba baƙuwa ba ce gare mu. Mu ma muna da Firdausi, muna da Jannatu, muna da Kausar da Salsabil, duk fata ne na gidan gobe ake rataya wa 'ya tun ranar suna. Turawan ma suna da sunan Heaven a miƙe, ana raɗa shi tun kafin wannan. Abin mamakin shi ne na juyen ya zo daga baya ya yi masa fintinƙau.

Shin ko kun san sunan ya sha zagi kamar yadda ya sha farin jini? A 2011 Laura Wattenberg, marubuciya kan sunayen jarirai, ta bi maganganun mutane a intanet ta tattara sunayen da aka fi tsana, sai Nevaeh ya zo na ɗaya a ɓangaren mata. Masu sukar suna cewa idan ka juya Aljanna ai kishiyarta ka samu. Wasu suka ce sunan marasa ilimi ne. Ku riƙe wannan magana ta biyu, za mu dawo kanta.

Juya suna ba a Amurka aka fara ba. A Sikotilan akwai mata masu suna Senga, wanda galibi ake cewa Agnes ne a kife. A Tarayyar Sobiyet, bayan mutuwar Lenin a 1924, iyaye masu kishin juyin juya hali sun riƙa sa wa 'ya'yansu mata Ninel, wato Lenin daga dama. Sunan ya yi daɗin ji har ya tsallaka teku: akwai shahararriyar mawaƙiya kuma 'yar wasan kwaikwayo a Meziko mai suna Ninel Conde. A wannan zamanin ne kuma aka samu Vladlena, gutsuren Vladimir da gutsuren Lenin, da Oktyabrina, don tunawa da juyin watan Oktoba na 1917.

Ita kuwa Oprah Winfrey, da aka haifa a 1954 a jihar Misisifi, a takardar haihuwarta Orpah ne, sunan wata mata a Littafin Rut na Baibul. Bakin dangi ne ya kasa, suka riƙa gabatar da p kafin r, har kuskuren ya zauna. Da ta tashi kafa kamfaninta a 1986 sai ta juya sunan, ta kira shi Harpo.

Yanzu bari mu koma kan Vanessa, wanda Nevaeh ya wuce a 2005, don nan labarin ya fi nama.

Shin ko kun san Vanessa ma ƙirƙirarre ne, kuma an san wanda ya ƙirƙire shi, an san wadda aka yi dominta? Jonathan Swift ne, malamin coci kuma marubuci ɗan Ailan, wanda aka haifa a Dublin a 1667, mai littafin tafiye-tafiyen Gulliver. A Landan ya saba da gidan wata bazawara, matar marigayi Bartholomew Vanhomrigh, ɗan kasuwa mai asali da Holan wanda ya taɓa zama magajin garin Dublin. Babbar 'yar gidan sunanta Esther. Swift ya girme ta da kusan shekara 20, ya zama kamar malaminta, yana zaɓa mata littattafai yana gyara mata tunani. Karatu ya yi karatu, ɗaliba ta kamu da son malam.

Sai Swift ya yi mata suna na tsakaninsu. Ya ciro Van daga farkon sunan mahaifinta, ya haɗa da Essa, wanda lakabi ne na Esther, kamar yadda muke mayar da A'isha Indo ko Hadiza Dije. Van da Essa: Vanessa. Wajen 1713 ya rubuta mata doguwar waƙa mai suna Cadenus and Vanessa. Shi ma ya ɓoye kansa a ciki: Cadenus hautsinannun haruffan decanus ne, kalmar Latin ta muƙamin shugaban limaman babbar majami'a, muƙamin da aka ba shi a majami'ar St Patrick ta Dublin a wannan shekarar.

Ba don jama'a aka rubuta waƙar ba. Kuma labarin bai ƙare da daɗi ba, don akwai wata Esther ɗin a rayuwar Swift, Esther Johnson, wadda ya sani tun tana ƙarama, ita kuma ya sa mata Stella, wato tauraruwa. Mutum ɗaya, Esther biyu, kowacce da sunan da ya yi mata, kuma babu wadda ya fito fili ya ce ita ce matarsa. Vanessa ta bi shi Ailan a 1714, ta zauna a Celbridge kusa da Dublin, ta rasu a 1723 tana da kimanin shekara 35. Sai a 1726, shekara uku bayan rasuwarta, aka buga waƙar, duniya ta ga sunan. Ita mai sunan ba ta taɓa jin an kira wata da shi ba.

Ya ɗauki lokaci kafin ya kama. Mai zane Vanessa Bell, yayar marubuciya Virginia Woolf, an haife ta a 1879, lokacin sunan bai yawaita ba. Sai a ƙarni na 20 ya bazu: Vanessa Redgrave a fim, Vanessa Williams, baƙar fata ta farko da ta lashe gasar sarauniyar kyau ta Amurka a 1983, da Vanessa Nakate 'yar Yuganda mai fafutukar sauyin yanayi.

Idan kuka duba littattafan ma'anar sunaye, da yawa za su ce muku Vanessa na nufin malam-buɗe-littafi a Girkanci. An ɗora kura a gaban jaki. Gaskiyar ita ce a 1807, shekara 81 bayan an buga waƙar Swift, wani masanin ƙwari ɗan Denmak, Johan Christian Fabricius, ya sa wa wani jinsin malam-buɗe-littafi suna Vanessa. Mace ce ta riga ƙwaro, ba ƙwaro ya riga mace ba. Haka ake yi wa ƙirƙirarrun sunaye: da zarar sun yi farin jini sai a nemo musu tsatso mai daraja a liƙa musu, kamar attajirin da ya yi kuɗi jiya yau aka samo masa salsala.

Kuma shin ko kun san wannan Vanessa ɗin mai fukafukai tana zuwa har ƙasarmu? Akwai nau'in da masana ke kira Vanessa cardui, mai launin ruwan lemo da baƙi da ɗigon fari a bakin fiffike. Idan sanyi ya doso Turai sai su taso, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, su sauka a yankin Sahel daidai ƙarshen damina, lokacin da ciyawa ke da sauran ɗanye, su yi ƙwai. Masu bincike sun same su da yawa a Chadi da Senegal da Binin. Jikokinsu ne ke komawa arewa. A watan Oktoban 2013 wani masani ɗan Sifaniya, Gerard Talavera, ya tsinci wasu daga cikinsu a gaɓar tekun Guyana ta Faransa, can Kudancin Amurka, fukafukansu duk sun yage. Binciken da aka fitar a 2024 ya nuna daga Afirka ta Yamma suka taso, suka ƙetare Tekun Atalantika, tafiyar aƙalla kilomita 4,200. Shi kansa sunan da muka ba ƙwaron, malam-buɗe-littafi, wani ne ya zauna ya ga yadda yake buɗe fiffike yana rufewa, ya ƙirƙiro. Sai dai shi ba a rubuta mana sunansa ba.

Shin ko kun san akwai sunan da tsamin bakin yarinya ya haifar? Marubucin nan ɗan Sikotilan, J. M. Barrie, yana da aboki mawaƙi, W. E. Henley, mai 'ya ɗaya tilo, Margaret. Yarinyar tana son ta kira Barrie abokina da Turanci, friendy, amma harshenta bai iya r ba, sai ya fito fwendy. Sanƙarau ya ɗauke ta a 1894 tana da shekara 5. Shekara goma bayan haka, ranar 27 ga Disamban 1904, aka fara nuna wasan kwaikwayon Barrie mai suna Peter Pan a Landan, labarin yaron da ya ƙi girma, kuma yarinyar da ke cikinsa sunanta Wendy. An ɗan taɓa samun sunan jefi-jefi kafin nan, amma daga wasan ne ya zama sunan mata na sosai a Ingila. A 1929 Barrie ya ba da haƙƙin mallakar Peter Pan kyauta ga asibitin yara na Great Ormond Street.

Tarihi ya maimaita kansa a Amurka. Gidajen abincin Wendy's, da Dave Thomas ya fara buɗewa a 1969 a birnin Columbus na jihar Ohayo, lakabin 'yarsa suka ci, ita ma kuma tsamin baki ne ya jawo mata lakabin, don tana ƙarama ba ta iya faɗin sunanta na yanka ba.

Pamela? Ƙirƙirar Sir Philip Sidney ne, bafade kuma mawaƙi a zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, cikin littafinsa Arcadia da aka buga a 1590. Ana fassara shi da zuma zalla, daga kalmomin Girkanci biyu. Ya kwanta shekara 150 har Samuel Richardson ya sa wa 'yar aikin gida a littafinsa na 1740, sannan ya tashi.

Shakespeare kuwa masana'anta ce guda. Miranda, daga Latin, abin sha'awa, ya yi shi ne don wasansa The Tempest wajen 1611. Yau har wani wata da ke zagaya duniyar Uranus, wanda aka gano a 1948, sunan yake amsawa. Jessica a wasansa The Merchant of Venice aka fara ganinsa da wannan rubutun, kuma shi ne sunan mata na ɗaya a Amurka daga 1985 zuwa 1990. Imogen, na wani wasansa daban, ya fi su ban dariya: masana da yawa suna ganin Innogen aka nufa, sai a bugun 1623 aka ɗauki n biyu da ke manne da juna a matsayin m. Wani da ya kalli wasan a 1611 ya rubuta a littafin ajiyarsa da n biyu. Ke nan shekara 400 ana raɗa wa 'ya'yan manya kuskuren maɗaba'a, ba wanda ya ce musu jahilai.

Shin ko kun san akwai sunan da aka fara shi da wasa a fim? A fim ɗin Splash na 1984, 'yar ruwa ta fito tudu a birnin Niyok, ana tafiya ana neman sunan da za a kira ta, sai ta hango allon titin Madison ta ce shi take so. Tom Hanks, wanda ya fito a matsayin saurayinta, ya nuna mata cewa wannan ai ba sunan mutum ba ne. Abin dariyar ke nan a fim ɗin. A 1985 sunan ya shiga jerin 1,000 na mata, a 2001 da 2002 ya zama na 2 a ƙasar baki ɗaya. Titin sunan James Madison ya ci, shugaban Amurka na huɗu, kuma son ɗin da ke ƙarshensa ɗa namiji yake nufi. Wato dubban 'yan mata suna yawo da suna irin Ɗanwane.

Na baya-bayan nan shi ne Khaleesi. Kada ku haɗa shi da Khalisa na Larabci, ba su haɗa komai ba. George R. R. Martin ne ya ƙaga kalmar a littafinsa na 1996, wanda tashar HBO ta mayar fim mai dogon zango, Game of Thrones, daga 2011. Ba ma suna ba ne, sarauta ce, matar sarkin wasu mahaya dawaki, a harshen da babu shi a duniya. A 2018 kaɗai jarirai 560 aka sa wa a Amurka. Sai ga shi a watan Mayun 2019, saura kashi ɗaya fim ɗin ya ƙare, jarumar da ake ƙauna ta hau dodonta mai feshin wuta ta ƙone birni guda da mutanensa bayan sun miƙa wuya. Iyaye sun yanka rago tun labari bai kai ƙarshe ba.

A gurguje, ga wasu daga sauran duniya. Svetlana, da kowa ke ɗauka tsohon sunan Rasha ne, mawaƙi Alexander Vostokov ya fito da shi a 1802, Vasily Zhukovsky ya yaɗa shi da waƙarsa ta 1813. Daga kalmar haske aka gina shi, ɗan'uwan Nuriyya ke nan. Stalin ya sa wa 'yarsa a 1926, kuma mace ta farko da ta fita daga kumbo ta yi aiki a sararin samaniya, a 1984, Svetlana Savitskaya ce.

A Burazil, José de Alencar ya ƙirƙiro Iracema a littafinsa na 1865, ya ce leɓɓan zuma yake nufi a harshen 'yan asalin ƙasar. Daga baya aka lura cewa haruffan America ne cif-cif, an hautsina su. Yau akwai bakin teku mai wannan suna a birnin Fortaleza.

A Filifin akwai Luzviminda: Luzon, Visayas, Mindanao, manyan sassan ƙasar uku a jikin 'ya ɗaya. A Suwidin, Astrid Lindgren ta buɗe taswirar arewacin ƙasar ta yanko Ronja daga tsakiyar sunan wani tafki, don littafinta na 1981. A Kyuba, cikin shekarun 1970 da 1980, an yi yayin sunaye masu farawa da harafin Y har aka riƙa kiran 'ya'yan lokacin da zuriyar Y. A can ne kuma aka samu Dayesi, wato da, yes, sí, kalmar e a Rashanci da Turanci da Sifaniyanci. Condoleezza Rice, sakatariyar harkokin wajen Amurka daga 2005 zuwa 2009, mahaifiyarta mai koyar da kiɗa ce, ta ɗauko sunan daga con dolcezza, umarnin da ake rubutawa da Italiyanci a takardar kiɗa cewa a buga da taushi.

Ba kowace ƙasa ke sakar wa iyaye mara ba. A Aisilan akwai kwamitin sunaye tun 1991, duk sunan da ba ya cikin rajista sai ya amince. Wata yarinya da aka sa wa sunan da ke nufin iska mai sanyin daɗi, kwamitin ya ce na maza ne, sai ta shekara 15 takardun gwamnati suna kiranta Stúlka, wato Yarinya kawai, har kotu ta ba ta gaskiya a Janairun 2013. A Faransa, inda aka sassauta dokar suna a 1993, alƙali a garin Valenciennes ya hana wasu iyaye kiran 'yarsu Nutella, sunan cakulan da ake shafa wa burodi. A 2015 labarin ya fito cewa an mayar da ita Ella. A nan kam ina bayan alƙali.

Mu dawo kan masu cewa Nevaeh sunan marasa ilimi ne. Swift ya yanka suna biyu ya ɗinke, aka ce fasaha. Barrie ya ɗauko gwarancin yarinya, aka ce tausayi. Maɗaba'a ta yi kuskure, aka ce adabi. Matar da ke aikin kanti a Tenesi ta juya kalma ɗaya don tana ganin 'yarta kyauta ce daga sama, aka ce ƙauyanci. Aikin ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne wa ya yi, da kuma shekarun da suka bi ta kai.

Akwai shaida a kan haka. A 2004 masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, suka fitar da sakamakon wani gwaji: sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga masu ɗaukar ma'aikata a Boston da Shikago, takardun iri ɗaya, sunayen kawai suka sauya. Masu sunayen da aka san farare da su, irin Emily da Greg, an kira su da kashi 50 cikin 100 fiye da masu sunayen da aka san baƙaƙe da su, irin Lakisha da Jamal. Lakisha sabon suna ne, daga yayin sunaye masu farawa da La da Sha da ya taso a tsakanin baƙaƙen Amurka daga shekarun 1960. To amma kun san sunan macen da aka fi ƙin kira a gwajin? Aisha. Sunan da ya haura shekara 1,400 a duniya. Ashe ba sabuntar suna ake ƙyama ba.

Nevaeh dai ya fara ja da baya tun bayan 2010, kamar yadda kowane yayi ke yi, kuma jariran farko da suka amsa shi yanzu sun haura shekara 20, wasu da nasu goyon. Akwai kuma shekarun da hukumar fanshon nan ta Amurka ta riƙa fitar da jerin sunayen da aka fi sa wa tagwaye. Mu nan ba ma wahalar tunani, Hassana da Usaina ne, mai bi musu Gambo. A jerin tagwaye mata na Amurka kuwa, kusa da Ella da Emma, kusa da Faith da Hope, sai ga Heaven da Nevaeh: ɗaya a karanta ta daga hagu, ɗaya daga dama.